Ɗan Mitsitsin Da Nahiyoyi Suka Goya A Bayansu

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, don waɗanda data ta hana su saurara da kuma waɗanda dama sun fi son su karanta a natse.

Yau ƙarƙashin ganye za mu shiga. Akwai wata halitta da mafi girmanta bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba, ƙaraminta kuwa bai kai ƙwayar riɗi ba. Ba ta tashi sama, ba ta iyo, ba ta gudu, yawancinta ma ba ta da ido. Amma ka je Chile ka same ta, ka je Afirka ta Kudu ka same ta, ka je Siri Lanka da New Zilan ka samu 'yan gida ɗaya. Wa ya kai ta? Wannan ita ce tambayar shirinmu, kuma kafin mu gama za ku ga amsar ta biyo ta kwarin Binuwai.

Amma bari mu fara gyara wata magana. Mu a Hausa komai ƙanƙane mai rarrafe ƙwaro ne. Kiyashi ƙwaro, kyankyaso ƙwaro, gizo-gizo ƙwaro, kaska ma ƙwaro. A hira ba laifi. A wajen masana halittu kuwa akwai katanga a tsakani. Kiyashi da fara da sauro da ƙuda suna da ƙafa shida, jikinsu kashi uku, suna da 'yan gashin nan biyu a ka da suke shinshina hanya da su, yawancinsu kuma suna da fiffike. Gizo-gizo da kunama da kaska ƙafarsu takwas, ba su da waɗannan gashin na ka, kuma babu ɗayansu da ya taɓa yin fiffike. A gaban bakinsu suna da wasu gaɓɓai biyu na kamu da yanka, sai wasu biyu a gefe masu kama da hannuwa. A jikin kunama hannuwan nan su ne manyan almakasan da kake gani. Wannan babban aji shi ake kira Arachnida.

Ajin nan cike yake da sanannunmu. Gizo-gizo kaɗai an rubuta nau'insa fiye da 50,000. Kunama ta haura 2,500. Kaska da ke addabar shanu da karnuka tana ciki, tare da 'yan uwanta ƙanana da ido ba ya gani sosai, irin wadda ke haƙa rami a fatar mutum ta jawo ƙazuwa. Jajayen nan masu laushi kamar karammiski da ke fitowa bayan ruwan farko na damina, su ma dangin kaska ne. Haka mai shegen gudun nan da ke shigowa wajen fitila da dare lokacin zafi, wanda a wasu wuraren ake ce wa dokin kunama, shi ma yana da nasa dangin a cikin ajin.

To a cikin waɗannan dangogi akwai ɗaya da ake kira Opiliones. Wani masani ɗan Suwidin, Sundevall, ya raɗa musu sunan a 1833, daga kalmar Latin da ke nufin makiyayi. Turawan Ingila kuma sunan girbi suka ba su, saboda lokacin kaka aka fi ganinsu a gonaki. Tunda haka ne, a shirin nan bari mu riƙa ce musu magirba, don kada harshenmu ya karye. An san nau'insu fiye da 6,500.

In ka ga magirbi irin wanda aka fi sani, za ka rantse gizo-gizo ne: ɗan dunƙulen jiki a tsakiya, ƙafafu dogaye sirara kamar zare. Sai ka duba da kyau. Gizo-gizo yana da ƙugu, wato jikinsa kashi biyu ne da ɗan siririn mahaɗi a tsakani. Magirbi ba shi da ƙugu, jikin a haɗe yake kamar ƙwayar wake. Gizo-gizo yana saƙa, magirbi ba shi da abin yin zare ko kaɗan. Kusan duk gizo-gizo yana da dafi, magirbi ba shi da jakar dafi. Gizo-gizo sai ya narkar da abincinsa ya zama ruwa kafin ya tsotse, magirbi kuwa yana iya gutsura ya haɗiye ɓarɓashi. Saboda haka labarin nan da ke yawo a intanet, wai mai dogayen ƙafafun nan shi ne mafi dafi a duniya sai dai haƙoransa ba sa iya huda fatar mutum, ƙarya ce tsagwaronta. Wanda ba shi da dafi ina zai fi kowa dafi?

Magirban da ke raye a yau an raba su reshe huɗu: Eupnoi, waɗanda su ne masu dogayen ƙafafun, sai Dyspnoi, sai Laniatores masu ƙayoyi da sulke waɗanda suka fi yawa a ƙasashe masu zafi, sai kuma na huɗu, baƙonmu na yau, Cyphophthalmi. Shi ne reshen da ya fara ballewa daga sauran ukun, kuma shi ne mafi ƙarancin jama'a. Nau'in da aka rubuta wajen 200 ne kacal.

Yaya kamanninsa? Ka manta da dogayen ƙafafu. Wannan gajere ne, tsawonsa daga milimita 1 zuwa wajen 7, jikinsa kamar ƙwai, launinsa daga ruwan ƙasa zuwa ja mai duhu, bayansa da sulke mai tauri wanda kusan duk a haɗe yake. In ka gan shi yana tafiya a hankali cikin ruɓaɓɓen ganye, kaska za ka ce. Wannan kamar ce ta sa ake masa laƙabi da magirbi mai kama da kaska. Ba cizo yake yi ba, ba ya shan jinin kowa, ƙananan halittu masu laushi na cikin ƙasa yake farauta. Nau'in farko da aka rubuta, Siro rubens, a Faransa aka same shi, kuma Pierre André Latreille ne ya ba shi suna a farkon ƙarni na 19. Ita kanta kalmar siro tana nuna ruɗanin, don ita ce Linnaeus ya yi amfani da ita ga wata 'yar mitsitsiyar dangin kaska mai ɓata garin alkama, Acarus siro. Abin dariya, a can gidan su kaska ma akwai wasu da ake kira Opilioacarida, wato dangin kaska masu kama da magirba. Kowane gida yana da ɗan da ya ɗebo kamannin maƙwabta.

Sunan Cyphophthalmi shi ma daga kuskure ya fito. A gefe da gefen gaban jikin halittar akwai wasu 'yan tudu biyu masu tsini, kamar ƙananan ƙahonni. A 1868 wani masani, Gustav Joseph, ya bayyana wani nau'i daga yankin da yau yake ƙasar Sulobeniya, aka ɗauki tudun nan a matsayin idanu a kan sanda. Daga nan aka haɗa kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai nufin abu mai doro, ɗaya mai nufin ido. Ashe ba idanu ba ne. Bakin wasu jakunkuna ne da ke fitar da ruwa mai wari don korar maƙiyi. Sunan dai ya riga ya zauna, ba a sake shi ba.

Yadda yake amfani da ruwan nan ya burge ni. Ba fesawa yake yi barkatai ba. In wani abu ya kama masa ƙafa, sai ɗigon ruwan ya fito a bakin tudun, sai ya sa wata ƙafar ya lakato ya shafa wa maharin, kamar mai shafa magani a ciwo. Christian Juberthie, wani Bafaranshe da ya daɗe yana kiwon Siro rubens a ɗakin bincike, shi ya bayyana wannan ɗabi'a. Daga baya masana a birnin Graz na Ostiriya, ƙarƙashin Günther Raspotnig, suka auna abin da ke cikin ruwan, suka tarar da sinadarai da dama, ciki har da na gidan naftokwinon. Wannan suna zai yi muku baƙo, amma 'yan mata kun san ɗan gidan: sinadarin da ke sa lalle ya kama hannu ya yi ja, shi ma naftokwinon ne. Ba abu ɗaya ba ne sak, amma gidansu ɗaya. In duk wannan bai yi aiki ba, sai ya naɗe ƙafafu ya yi lamo kamar matacce, ya saje da ƙwayoyin ƙasa.

Wajen haihuwa ma ya bambanta da 'yan uwansa. Sauran magirba maza suna da doguwar gaba ta saduwa kai tsaye, abin da ba a cika samu a ajin Arachnida ba. Namijin Cyphophthalmi tasa gajeriya ce, aikinta kawai ta miƙa wa mace wani ɗan ƙunshi da ke ɗauke da iri. Macen kuma tana da dogon bututun saka ƙwai mai gaɓa-gaɓa, wanda take laluba ƙasa da shi kafin ta ajiye ƙwan. In masani yana son ya gane namiji, ƙafa ta huɗu yake dubawa. A can ƙarshenta akwai wata 'yar ƙaya mai ɗauke da bakin wata jaka, kuma siffar ƙayar nan tana cikin abubuwan da ake bambance nau'i da nau'i da su. Ƙwai kaɗan suke sakawa, girmansu a hankali yake, kuma binciken Juberthie ya nuna suna rayuwa shekaru da dama. Ga halittar da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, wannan tsawon rai ne.

Maganar ido fa? Yawancinsu makafi ne. Amma da yawa daga 'yan gidan Stylocellidae na kudu maso gabashin Asiya suna da ƙananan idanu a gefe, haka wasu 'yan gidan Pettalidae. Sauran magirba kuwa idanunsu biyu a tsakiyar ka suke, a kan wani ɗan tudu. Me ya sa wasu a gefe, wasu a tsakiya? A 2014 aka bayyana wani tsohon magirbi da ya daskare cikin dutse a Montceau-les-Mines ta Faransa, mai shekaru wajen miliyan 305, aka sa masa suna Hastocularis argus. Da aka haska cikin dutsen da na'urar hoton ƙashi mai ƙarfi, sai ga idanu huɗu: biyu a tsakiya, biyu a gefe. Ke nan kakanninsu suna da duka biyun. Wani reshe ya riƙe na tsakiya, wani ya riƙe na gefe ko ya zubar gaba ɗaya. A 2024 kuma Guilherme Gainett da Prashant Sharma da abokan aikinsu a jami'ar Wisconsin ta Amurka suka nuna cewa magirbi mai dogayen ƙafafu da ake ce wa Phalangium opilio, wanda kowa ya san ido biyu gare shi, yana ɗauke da ragowar wasu idanu huɗu a ɓoye waɗanda ba su kammala girma ba.

Yauwa. Yanzu mu zo kan ainihin maganar.

Wannan halitta tana da rauni ɗaya babba: bushewa. In ƙasa ta bushe, ta mutu. Don haka rayuwarta duk a cikin danshi take, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye a daji mai duhuwa, ƙarƙashin duwatsu, ko cikin kogo. Ba halittar fili mai rana da iskar hunturu ba ce. Kuma ba ta da dabarar tafiya nesa. Ɗan gizo-gizo yana sakin zare iska ta ɗauke shi ta tsallaka da shi teku. Kaska tana maƙalewa a jikin tsuntsu ko saniya ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kyauta. Shi wannan ba zare, ba fiffike, ba ya hawa kan kowa. Inda aka haife shi, a nan kusa zai mutu. Shi ya sa nau'o'i da yawa daga wuri guda kawai aka san su, dutse ɗaya ko kogo ɗaya ko gutsuren daji ɗaya.

Masu nemansu ma wahala suke sha. Rariya suke ɗauka su shiga daji, su kwashi ruɓaɓɓen ganye su tankaɗe a kan farin faranti, su zauna su zuba ido. Tunda halittar tana yin lamo, sai an jira har ta gaji ta motsa kafin a bambanta ta da ƙasa. Gonzalo Giribet na jami'ar Harvard da ɗalibansa sun shafe shekaru suna wannan tankaɗe a nahiyoyi daban-daban, suna kwatanta ƙwayoyin gadon abin da suka samo.

Da aka jera sakamakon a kan taswira, ga abin da ya fito. An daɗe ana raba Cyphophthalmi gida shida, kuma kowane gida da yankinsa. Ɗauki gidan Pettalidae. Ana samunsu a Chile, Afirka ta Kudu, Madagaska, Siri Lanka, Ostireliya da New Zilan. A taswirar yau wannan jeri ba shi da ma'ana, tekuna ne manya-manya a tsakaninsu. Amma ka mayar da agogo baya shekaru miliyan 180 ko fiye, lokacin da ƙasashen kudu duk suke manne a dunƙule guda da masana ke kira Gondwana. Sai ka ga wuraren nan duk maƙwabtan juna ne, suna kewaye da Antatika, wadda a lokacin daji ne ba ƙanƙara ba. Halittar ba ta je ko'ina ba. Ƙasar da take kai ce ta tsage, kowane ɓangare ya tafi da nasa fasinjojin, a tafiyar da ba ta wuce 'yan santimita a shekara ba, kamar tsiron farce.

Alfred Wegener, Bajamushen da ya kawo maganar cewa nahiyoyi suna tafiya a 1912, ya sha dariya a wajen masana zamaninsa. Sai a shekarun 1960 aka samu hujjojin ƙarƙashin teku da suka tabbatar da maganar. Da ya san da waɗannan 'yan mitsitsin, da ya samu ƙarin shaidu.

Gidan da ya fi kusa da mu shi ne Neogoveidae. Ana samunsu a dazuzzukan Amurka ta Kudu masu zafi, irin su Kolambiya da Benezuwela da Burazil, sannan a wannan gefen tekun akwai jinsin Parogovia a Kamaru da Gabon da Ikwatoriyal Gini. Ku buɗe taswira a wayarku ku dubi ƙusumbin Burazil, ku dubi lungun da gaɓar Najeriya da Kamaru take. Kamar ƙwarya da murfinta. A nan ne nahiyoyin biyu suka yi riƙon ƙarshe kafin su rabu, wajen shekaru miliyan 100 da suka wuce. Lokacin da ƙasa ta fara tsagewa, tsagar ta yi rassa uku. Biyu suka ci gaba da buɗewa har suka zama tekun Atilantika. Na ukun ya shigo cikin ƙasa ya tsaya a hanya, bai zama teku ba. Wannan reshe da ya tsaya shi ne kwarin Binuwai, inda kogin Binuwai yake bi a yau ta Yola da Makurɗi. Wato tsagar da ta raba 'yan gidan Neogoveidae gida biyu, tabonta yana nan a ƙasarmu.

Akwai wani abin da ya fi wannan daɗi. 'Yan gidan nan suna da wani jinsi, Metasiro, a kudu maso gabashin Amurka, wajen Fulorida da Jojiya da Karolina ta Kudu. Me ɗan gidan Afirka da Burazil yake yi a can, alhali sauran na Amurka ta Arewa 'yan wani gida ne daban? Masana duwatsu sun riga sun amsa tun kafin a yi tambayar. Duwatsun da ke can ƙarƙashin Fulorida asalinsu na Gondwana ne, sun yi daidai da na yankin Senegal da Gini. Wani gutsure ne da ya manne wa Amurka ta Arewa lokacin da nahiyoyi suka haɗu wuri guda, da aka zo rabuwa kuma ya zauna a can. Halittar da duwatsun labari ɗaya suke bayarwa.

Sai ƙaramin gida, Ogoveidae, wanda duk duniya a yankin mashigin tekun Gini kawai yake. Jinsi ɗaya ne, Ogovea, sunansa daga kogin Ogooué na Gabon, da nau'i uku. Ɗaya daga Gabon, ɗaya daga tsibirin Bioko, na ukun kuma, Ogovea cameroonensis, Giribet da Carlos Prieto suka bayyana shi a 2003 daga yankin Yawunde. Wani zai ce, to ai Bioko tsibiri ne da aman wuta ya gina, ya aka yi suka shiga? Tambaya mai kyau. Bioko kilomita 30 da 'yan kai ne daga gaɓar Kamaru, ruwan da ke tsakani ba shi da zurfi, kuma a zamanin ƙanƙara da ruwan teku ya ja baya, a haɗe yake da nahiya, har zuwa wajen shekaru 10,000 da suka wuce. Da ƙafa suka shiga. Tsibiran da suka fito daga tsakiyar teku ba su taɓa haɗuwa da wata nahiya ba, irin su Hawai, babu su a can.

Sauran gidajen a gurguje: Sironidae su ne na arewa, Turai da Amurka ta Arewa da Japan, kuma kogunan duwatsun yankin Balkan cike suke da su. Stylocellidae daga arewa maso gabashin Indiya zuwa Indonesiya har New Gini. Troglosironidae kuma tsibirin New Kaledoniya kaɗai.

New Zilan ce ta jawo rigima. Ta balle daga Gondwana wajen shekaru miliyan 80 da suka wuce. Wasu masana duwatsu suka ce wajen shekaru miliyan 23 baya teku ya shanye ta gaba ɗaya, don haka duk wata halitta da ke can yau daga baya ta zo, ta iska ko ta ruwa. Ga tsuntsu da tsiro wannan magana tana iya shiga. Amma New Zilan tana da jinsi uku na Pettalidae, wato Aoraki da Rakaia da Neopurcellia, kuma binciken Sarah Boyer da Giribet ya nuna zuriyarsu ta girmi lokacin nutsewar da ake magana. Halittar da ko rafi yana gagararta, ta ina za ta tsallaka kilomita kusan 2,000 na ruwan gishiri daga Ostireliya? Ni dai a ganina hujjar nan tana da nauyi: ko da teku ya ci yawancin ƙasar, dole wasu tuddai sun tsira da dajinsu. New Kaledoniya ta fi wuya, don can hujjar nutsewar ta fi ƙarfi, ga shi kuma 'yan uwan Troglosironidae mafi kusa su ne gidajen nan biyu na Afirka da Amurka, can wata uwa duniya. Masana suna nan suna kai ruwa rana a kai.

Wani abu kuma da Boyer ta gano a New Zilan. Nau'in Aoraki denticulata, in ka ɗauko na wannan kwari da na wancan, a ido ba su da bambanci. A ƙwayoyin gado kuwa tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ake gani tsakanin nau'o'i mabambanta a wasu halittun. Kowane gungu ya daɗe a keɓe, ba ya cuɗanya da na gaba da shi. Wannan yana nufin adadin 200 ɗin nan da muka ambata na waɗanda aka rubuta ne kawai.

Tsufansu kuwa ba a magana. Magirbi mafi tsufa da aka sani, Eophalangium sheari, an same shi a duwatsun Rhynie na Sukotland, shekarunsa sun haura miliyan 400, kuma har bututun numfashinsa ana gani. Shi kansa Cyphophthalmi an same shi cikin daskararren ƙaron itace daga Myanmar mai shekaru wajen miliyan 99, an kuma samu wasu a irin wannan ƙaro a Turai. Siffarsu kusan ita ce ta yau.

Ba za mu rufe ba sai mun gaisa da wani maƙwabcinsu a cikin ganyen, Ricinulei. Shi ba magirbi ba ne, danginsa daban, nau'insa wajen 100. Yana da wani murfi a gaban kai da yake saukewa ya rufe bakinsa kamar mai jan mayafi. Ɗansa yana ƙyanƙyashewa da ƙafa shida, sai daga baya ya cika takwas, kamar dai ɗan kaska. Namijinsa da ƙafa ta uku yake miƙa wa mace iri. Ina ake samunsa? Dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da kuma nahiyar Amurka daga Burazil zuwa Texas. Taswirar Neogoveidae ce ta sake dawowa. Na farko mai rai da aka rubuta daga Afirka ta Yamma ya fito, a 1838, shekara guda bayan an bayyana wani na cikin dutse a Ingila aka ɗauka buzuzu ne.

Wa ya fi kusa da wa a cikin Arachnida, wannan har yau ba a gama ba. Da ana duba siffa ne kawai, wasu suka ajiye magirba kusa da kunama. Binciken ƙwayoyin gado ya zo ya nuna kunama ta fi kusa da gizo-gizo, su ne masu huhu mai shafi-shafi kamar littafi, magirba kuwa da bututu suke numfashi. Dangin kaska ma ana gardama ko gida ɗaya ne ko gida biyu da suka yi kama. A 2019 Jesús Ballesteros da Sharma suka fitar da sakamakon da ya ta da ƙura, cewa wata halittar teku mai sulke kamar kofaton doki, wadda kowa ya ɗauka a wajen ajin take, a cikinsa take, kuma kusa da Ricinulei. Wasu masana sun yarda, wasu sun ce a sake lale.

A 2008 Piotr Naskrecki ya bayyana wani sabon nau'in Ricinulei daga dajin Atewa na ƙasar Gana, Ricinoides atewa, wanda yake cikin mafi girma a danginsa duk da tsawonsa wajen santimita ɗaya ne. Dajin Atewa shi ne mafarin kogunan Densu da Birim da Ayensu, kuma Densu na cikin masu shayar da birnin Akara. A ƙarƙashin dajin akwai ma'adinin da ake yin alminiyam da shi, kuma an shafe shekaru ana ja-in-ja tsakanin shirin gwamnati na haƙo shi da ƙungiyoyin da ke son a mayar da dajin gandun da doka ta kare. Haƙar irin wannan ma'adini kankare saman ƙasa ake yi, wato daidai shimfiɗar ganye da danshin da waɗannan halittu suke ciki. Tsuntsu in an sare dajinsa yana iya tashi ya nemi wani. Wanda duk duniyarsa gangaren dutse ɗaya ce, kuma ko rana ɗaya ba ya jure bushewa, in aka kankare gangaren ya tafi ke nan, ko an sake dasa itatuwa daga baya babu inda wani zai taso ya maye gurbinsa. Haka lamarin yake ga Ogovea da Parogovia a dazuzzukan Kamaru da Gabon, inda ake sarar katako ana buɗe gonaki.

Wanda yake karatun ilimin halittu a cikinku, kayan aikin farko na wannan fanni rariya ce da farin faranti da ɗan madubin ƙara girma, sai kwalbar sinadarin adanawa. Nau'o'in Afirka da muka lissafa, waɗanda suka ba su suna daga Turai da Amurka suka zo.